Babi Biyun da Na Bari a Fas

Ni yanzu duk wanda ya zauna kusa da ni ya fara kurin cewa garinsu ya fi garin gwamnati daraja, nakan tattara takalmana in ba shi wuri. Ba wai ƙarya yake yi ba, sau da yawa ma gaskiya ce. Amma irin wannan kurin ne ya kai ni ya baro a ƙasar Maroko, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigo mana, lokacin da ko bafataken shanu yana iya sa ɗan ƙanwarsa a jirgin sama.

Abu ɗaya ne ya kai ni can. Mahaifina malamin zaure ne a Daura. Ya shekara fiye da talatin yana karantar da wani babban littafin fiƙihu, ya san shi ciki da bai, amma ba shi da ijaza a kansa, wato takardar iznin da malami kan rubuta wa wanda ya sauke littafi a gabansa, da jerin malaman da aka karɓo karatun daga gare su. Malaminsa ya rasu kafin ya rubuta masa. Wasu malaman garin ba su taɓa barin wannan ta wuce ba, a bayan idonsa sai su ce karatun Malam ba shi da uba. Ya ji, ya haɗiye. Da ganin idonsa ya fara raguwa, sai ya samu labarin wani tsohon shehi a birnin Fas wanda ke ba da ijazar littafin nan. Kawuna na Mashi ya ɗauki nauyin jirgi. Baba ya ce mini ba ya son tsarabar komai, takardar kawai zan kawo in sa masa a hannu.

A Rabat, babban birnin ƙasar, na fara tsayawa, domin an ce duk baƙon da ya zo karatu sai ya nuna kansa a wani ofishi a can. Tun daga bakin titi na yanke wa garin hukunci. Tituna masu faɗi, itatuwa a jere, gine-gine farare, kowa da jakar takardu a hammata yana sauri. Na ce a raina, to, ga Kadunarsu. Mu Daurawa a lokacin daga Kaduna ake mulkinmu, amma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Garin jiya, garin akawuna da masinjoji, wanda ba wanda zai nuna maka kabarin kakansa a ciki. Baba har ya tsufa bai taɓa taka ta ba, kuma yana alfahari da haka. In wata takarda ta taso, mai unguwa ake gaya wa, shi ya san wanda zai gaya wa, wata rana sai ka ga takarda ta zo da kanta. Da wannan tunanin na shiga ofishin.

Akawun da na tarar siriri ne, da tabarau da ɗan gashin baki kamar an ja da alƙalami. Na yi masa sallama cikakkiya, na shiga gaisuwa da Larabcin littafi, wanda shi kaɗai na iya. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya juya ya faɗa wa na kusa da shi wani abu da Faransanci, suka yi dariya. Ya duba fasfo ɗina ya ce wata uku aka ba ni. Kafin su cika in kawo wasiƙa daga wanda nake karatu a wurinsa, a buga mini hatimin zama, in ba haka ba in kuka da kaina. Bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya. Na karɓi fasfona ina cewa a zuci, ɗan banza, kai da ko alwala ban ga alamar ka iya ba za ka yi mini iyaka da karatu. Ko kwana ban yi a garin ba, na nemi jirgin ƙasa.

Fas kuwa, wallahi da na hango ganuwarta sai da idona ya kawo ruwa. Lunguna matsattsu waɗanda jaki biyu ba sa giftawa, ƙofofi tsofaffi, masallaci a kowace kwana, ƙamshin burodi da warin jima a cakuɗe. Ko rubutun da ke jikin bango irin namu ne na allo. Na ji kamar na zo gidan kakanni. Sai dai mutanen gidan ba su san da wani jika ba. Yara suka bi ni suna kiran wata kalma, daga baya na gane bawa suke cewa. Na tambayi hanya wajen mutum uku, biyu suka kwaikwayi maganata suna ƙyaƙyatawa, na ukun ya ce in biyo shi.

Wannan na ukun shi ne Allal, kuma Allah ya isa tsakanina da shi. Mutum ne mai zaƙin baki, kowace magana sai ya haɗa da salati. Ya ce yana da ɗaki kusa da masallacin Shehi, ashe ɗakin a saman majema yake, rabin sa'a ne tafiya zuwa masallacin, ga wari ba dare ba rana, ga sanyin da ke ratsa ƙashi. Ya ga ƙunshin da nake riƙewa kamar jariri ya tambaye ni mene ne. Babbar riga ce mai aiki, wadda Baba ya sa aka ɗinka a Daura aka yi wata biyar ana yi mata ado, kyauta ga Shehi. Allal ya kama baki ya ce kul, a Fas baƙo ba ya miƙa wa malami kyauta hannu da hannu, raini ne, ɗan gari ake ba ya kai. Da yake mu ma a gida ba a tunkarar babba kai tsaye sai da ɗan rakiya, maganar ta zauna mini daidai. Na miƙa masa rigar har ina godiya.

Shehi tsoho ne ƙanƙani, fari sol, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma in ya buɗe littafi sai ka manta da sanyi. Ya karɓe ni ba yabo ba fallasa. Ka'idarsa ɗaya ce: ana zama bayan sallar asuba, kowace rana a karanta abin da aka saba karantawa, ba ƙari ba ragi, ban da Alhamis da Juma'a. Wanda ya zauna tun daga farkon littafi har ƙarshe bai yi fashin zama ko ɗaya ba, shi ake rubuta wa ijaza. Na yi sa'a na iso ana saura kwana biyu a fara. Da na ƙirga, karatun zai ɗauki kusan wata huɗu.

Ban sha daɗin zaman nan ba ko kaɗan. Ɗaliban ba sa matsa mini wuri, in na zauna sai na kusa da ni ya janye gefen rigarsa. In Shehi ya yi tambaya na amsa daidai, sai a yi tsit kamar na yi wani abin kunya. Abincinsu bai karɓe ni ba, na rame har wandona ya daina zama. Akwai ranar da na ga wata mata tana tankaɗe gari a ƙofar gida, sai kawai na tuna furar gidanmu da nonon da Fulani ke kawowa daga wajen garin Babban Mutum, na tsaya a lungu ina share hawaye da hannun riga, ƙato da ni. Mutum ɗaya ne ya ɗauke ni ɗan Adam, wani dattijo mai suna Idirisu da ke gasa wa unguwa burodi. Shi ya ga ina rawar ɗari ya kira ni bakin tanderu, ya ba ni tsohuwar alkyabbarsa ta ulu. Kullum in na dawo daga karatu yakan ajiye mini burodi mai zafi da ɗan man zaitun, kuma bai taɓa yi mini dariyar Larabcina ba.

Abin da kowa a Fas ya iya, daga malami har mai jaki, shi ne zagin Rabat. Su ce mulki a nan yake tun asali, Turawa ne suka ɗauke shi suka kai bakin teku don su ji daɗin shan iska. Su ce Rabat ba ta da malami sai ma'aikaci, ba ta da girki sai abin da ta koya a wurinsu, wanda duk ya yi suna a can in ka bincika ɗan Fas ne. Ni kuwa abin nema ya samu. A nan kaɗai nake sa baki a ji ni. Nakan ba su labarin Daura da Kaduna, su yi ta gyaɗa kai, a ranar har shayi ake zuba mini. Kusan in ce da zagin Rabat na sayi ɗan wurin zaman da na samu a garin.

Duk da haka ban manta da maganar akawu ba. Da wata na uku ya kusa rabi, na jira aka tashi daga karatu, na matsa gaban Shehi na durƙusa, kaina a ƙasa. A tarbiyyar da aka yi mini, ɗalibi ba ya barin gari sai da iznin malaminsa, ko da ranar hutu ce, kuma ba ya zayyana wa babba buƙatarsa dalla-dalla kamar mai kai ƙara. Ana ɗan taɓa gefen maganar ne, babba ya gane sauran. Don haka na ce, Allah ya gafarta Malam, ina da 'yar buƙata a Rabat.

Ya dube ni ta saman littafi ya ce, "Me ɗalibi zai nema a Rabat? Ko ka zo koyon buga takarda ne? Zauna ka yi karatunka."

Ɗalibai suka yi dariya, shi ma ya murmusa. Ni kuwa na ce na ji na bi, na ja da baya. A zauren Baba in malami ya ce zauna, magana ta ƙare, wanda ya sake tayar da ita ya nuna bai da kunya, kuma albarkar karatu ake jiye masa. Na ce a raina ai Shehi ya san abin da yake yi, mutum kamar wannan in ya ɗaga yatsa akawun Rabat goma za su rusuna. Na bar kwanaki suna wucewa. Wata uku suka cika, ban ce wa kowa uffan ba.

Abin ya fashe ne ta wajen riga. Wata Laraba na bi ta kasuwar masu sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido kaya, sai ga rigar Baba a rataye a ƙofar wani kanti, iska tana kaɗa ta. Ko a cikin dubu zan gane aikin wuyan nan. Na koma gida na sami Allal a tsakar gida, na ci kwalarsa, na kira shi ɓarawo maci amana, da duk wani zagin da Larabcin littafi ya tanada, kuma ba shi da yawa. Bai ko musa ba. Ya cire hannuna a hankali ya ce in rage murya, domin shi ya rubuta ranar da na shigo gidansa, ya san wata ukuna sun wuce da kwana goma sha takwas. In na ƙara ambaton riga, ɗan sanda zai kira, kuma baƙar fata marar takarda ba a tambayarsa ba'asi.

Na tafi wajen Idirisu ina huci na kwashe duka na gaya masa. Da na zo kan maganar takarda sai ya ajiye itacen da yake tura burodi da shi. Ya tambaye ni me ya hana ni zuwa Rabat, na ce Shehi ne ya hana. Ya sa na maimaita masa kalmomin Shehi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya dafe kai ya ce, ɗana, wannan ai ba hani ba ne, abin da kowane ɗan Fas ke faɗa ke nan in an ambaci Rabat, kamar yadda ake tsaki in ƙuda ya wuce. Ya ce rabin ɗaliban da nake gani duk Alhamis suna Rabat, ba wanda ke neman izni. Su da suke zagin garin sun san ranar da ake buɗe kowane ofishi a cikinsa. Ni kaɗai ne na ɗauki zagin da gaske.

Ya rufe tanderu ya ja ni har gidan Shehi, ya faɗi maganar ƙarara ba wani kewaye-kewaye. Shehi ya fusata, kuma da ni ya fusata. Ya ce wane irin mutum ne zai ga wuta a rigarsa ya ce yana da 'yar buƙata. Ya ce shi kansa takardar fanshonsa daga Rabat take zuwa. Nan take ya sa aka kawo tawada, ya rubuta wasiƙa da hannunsa, shafi guda cif, ya shaida ni ɗalibinsa ne, ban taɓa fashi ba, saura babi biyu in sauke, a yi mini haƙurin kwana goma sha biyu. Ban taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba. Na riƙe ta na ji zuciyata ta kwanta.

Washegari Alhamis na yi sammakon jirgin ƙasa. Tun hantsi nake kan layi, sai bayan azahar na isa gaban tebur, kuma akawun nan dai na tarar. Na miƙa fasfo da wasiƙa. Da ya buɗe ta sai na ga fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau ya goge, ya karanta ta tun daga bisimilla har sa hannu, leɓɓansa suna motsi. Sannan ya yi mini magana da Larabci mai kyau, wanda ashe ya iya tun ran farko. Ya ce shi ma haifaffen Fas ne, mahaifinsa a gaban wannan shehin ya yi karatu, shi kuma yana yaro ya sha ɗaukar wa Shehi takalmi. Ya sumbaci wasiƙar ya ɗora a goshi. Na ce alhamdu lillahi, an zo gida.

Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya ce zai sa ta a gilashi ya rataye a ɗakinsa. Sannan ya jawo wata takarda mai rubutun Faransanci ya fara cikewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana goma sha biyu kawai. Ka ga abin da Shehi ya rubuta."

Ya ce, "Na gani. Da ka kawo ta kwana ashirin da suka wuce, da ni zan raka ka har bakin ƙofa. Shehi yana da iko da abin da ke cikin littafi, ni kuma kwanaki aka ba ni in ƙirga. Ka wuce da goma sha tara."

Ya buga hatimi sau uku ya miƙo mini, ashe takardar kora ce. Ya ce fasfona zai zauna a wurinsu, in same shi a filin jirgi ran Lahadi da rana. In ban zo ba za a je a ɗauko ni, kuma daga gaban Shehi za a fara nema. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah da iyayensa, na gaya masa mahaifina makaho ne yana jira. Har na durƙusa a gaban teburin mutumin da na ce bai iya alwala ba. Ya leƙa bayana ya kira na gaba.

Na koma Fas da guntun fata ɗaya. Bayan sallar Juma'a na sami Shehi, wannan karon ban taɓa gefen magana ba, na faɗe ta duka. Na ce babi biyun nan na karanta su a gaban mahaifina ya fi sau biyar, in ya so in karanto masa su da ka yanzu. Ko ya zauna da ni yau da gobe mu ƙarasa, ko ya rubuta mini ijazar a kan abin da ya gani. Idirisu ma ya sa baki. Shehi ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce ya san na iya, ya fi kowa sanin na fi yawancin waɗanda za su samu. Amma shi bai karɓi littafin nan a guje ba, malaminsa ma haka, kuma ba zai sa sunansa a ƙarƙashin abin da bai faru ba. In Allah ya dawo da ni baɗi, sai mu faro daga farko.

Na ce takardar da aka ba ni ta hana ni dawowa. Ya ce to wannan kuma maganar Rabat ce.

Na fito ina jin haushin garuruwan nan biyu daidai wa daida, har yau kuma ban huce ba. Ɗaya ya yaba wasiƙa ya kore ni, ɗaya ya yaba karatuna ya sallame ni hannu wofi, kowanne yana ganin ya kare mutuncinsa. Idirisu ya raka ni tasha da burodi huɗu a ƙunshe. Na so in mayar masa da alkyabbarsa ya ƙi karɓa. Allal kuwa ko sallama ban yi masa ba, rigar tana nan rataye sanda na wuce.

Abin da ban sani ba, wasiƙar da na aika gida tun da wuri, wadda a ciki na ce ana gab da sauka, ta riga ta yi aiki. Da na kwana a Kano wani direban garinmu ya gan ni ya kai labari. Kafin motarmu ta iso Daura an yanka rago, an share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har waje. Zaure cike, da ɗaliban Baba, da Kawu daga Mashi, da malaman nan masu cewa karatunsa ba shi da uba, don su Baba ya fara aika wa. Al'ada ce a karanta ijaza a bainar jama'a, a ji sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya, a shafa fatiha.

Baba yana zaune a tsakiya da farin rawani, idon ya tafi gaba ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shafa kaina da fuskata ya ce na rame. Sannan ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo.

Na ce, "Baba, ban samo ba. Saura babi biyu aka kore ni."

Hannun ya daɗe a buɗe, kamar bai ji ba, sannan ya mayar da shi kan gwiwa. Bai tambaye ni dalili ba. Ya juya wajen jama'a ya ce a kawo abinci a ci, ragon ba shi da laifi. Ya ce in tashe shi in kai shi ciki.

Na miƙar da shi, ya dafa kafaɗata, muka ratsa mutane suna janye ƙafafu. Muna shiga soro na biyu, inda ba mai ganinmu, ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata ya kai jikin bango. Haka ya yi ta lalube shi kaɗai har ƙofar ɗakinsa, ina biye da shi a baya.